Daga Allon Makaranta Zuwa Allon Waya: Tarihin Natsuwa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Akwai wani kuka da ya game bakin iyaye da malamai a wannan zamani, tun daga malamin makarantar allo har zuwa malamin jami'a, watau cewa yaran yanzu ba su da natsuwa. Ana cewa ɗalibi ba ya iya karanta shafi goma a jere ba tare da hannunsa ya kai aljihu ya lalubo waya ba, kuma idan malami ya ɗan tsawaita bayani, to, rabin ajin gangar jikinsu ce kurum a wurin. Manufar wannan lacca ita ce ta ɗora wannan kuka a kan ma'aunin tarihi, domin a ga yadda al'ummar Hausawa ta riƙa horar da hankalin 'ya'yanta a da, da irin sauye-sauyen da suka auku tun daga zuwan boko har zuwa shigowar wayar hannu, sa'an nan a rarrabe abin da yake sabo a cikin lamarin da abin da yake tsohon kuka ne aka sake wa riga.

Abin da ake nufi da natsuwa a nan shi ne mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, ya tsare shi a kan abu ɗaya har ya kai ƙarshensa. Idan aka dubi yadda Bahaushe yake sarrafa kalmar hankali, za a ga ya ɗauke shi tamkar wata dukiya ce mai ƙafa. Yakan ce a mai da hankali, kamar abin da ya fita ake komo da shi gida. Yakan ce an ja hankalin wane, ko an ɗauke masa hankali, ko hankalinsa ya rabu biyu, ko ya tashi, ko ya kwanta. Ke nan tun fil azal Bahaushe ya san hankali abu ne mai yawo, wanda yake bukatar kiwo, kuma wani yana iya kore shi ya tafi da shi. Tarihin da za a bi a nan tarihin wannan kiwo ne.

Zamanin Baka

Kafin yaro ya riƙe allo, makarantarsa ta farko ita ce gaban kakarsa ko wata tsohuwa ta gidan, bayan an ci tuwon dare. Tatsuniya tana da ƙa'idojinta. Ba a yin ta da rana, domin rana ta aiki ce. Mai bayarwa ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro sun amsa mata, wanda yake nuna an ƙulla alkawari tsakaninsu cewa ita za ta faɗa, su kuma za su kasa kunne. A tsakiyar labari akan zo ga 'yar waƙa wadda yara za su amsa tare, ta haka mai gyangyaɗi yakan farka ya komo cikin sahu. Bayan kwana biyu kuma, yaron da ya ji labarin Gizo da Ƙoƙi shi zai maimaita wa 'yan'uwansa, idan ya tsallake wani wuri nan take a yi masa gyara. Haka nan wasan kacici-kacici, inda wanda ya kasa sai ya ba da gari. Duk waɗannan jarrabawa ce ta sauraro, ko da yake ba wanda ya kira su da wannan suna. Mai son sanin yawan abin da kawunan mutane suke ɗauke da shi a wancan zamani sai ya dubi littattafai 3 na tatsuniyoyi da labarai da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, waɗanda suke ƙunshe da ɗaruruwan labarai da malamai suka rubuto daga bakin jama'a.

Manya kuma suna da tasu makarantar a wajen makaɗa. Waƙar fada irin ta Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ba ta buɗe cikinta ga wanda ya tsinci tsakiyarta. Zambo da habaicin da ke ciki sai wanda ya bi ta tun daga farko, ya kuma san salsalar gidan sarautar da abokan hamayyarta, shi zai gane inda aka dosa. Amshi kuwa yana dawowa a kai a kai, ya ba mai sauraro damar sauke numfashi kafin jagora ya ɗora sabon ɗiya.

Tsangaya da Zaure

Babbar ma'aikatar horar da hankali a ƙasar Hausa ita ce makarantar Alƙur'ani. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso da Musulunci da littattafai a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a birnin. Daga nan karatu ya yi ta yin jijiya, har ya kai a farkon ƙarni na 20 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo da ke Jihar Arewa sun kai kimanin 25,000.

Tsarin wannan karatu ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi. Abin karatunsa allo ne guda na katako, da tawadar gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Allon ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan ayoyi, kuma ba a wanke shi sai almajiri ya biya wa malam karatun ba gargada. Watau babu hanyar tsallakawa gaba sai an mallaki na baya. Lokutan karatu sanannu ne: da asuba, da hantsi, da la'asar, da dare a bakin wutar kara, sai hutun Alhamis da Juma'a. A haka ake tafiya shekara da shekaru har a sauke izu 60. Wanda ya yi niyyar hadda kuma sai ya koma farko, sau da yawa ya yi ƙaura zuwa gabas, watau ƙasar Barno, inda gwanaye suke. Ƙololuwar abin ita ce alaramma ya zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ayoyi fiye da 6,000, da wasullansu da alamominsu, ba tare da ya duba wani kwafi ba. Da wuya a sami wani aiki na ɗan Adam da ya fi wannan bukatar tsare hankali.

A makarantar ilmi, wadda ake yi a zaure, salon ya sauya amma ƙa'idar tana nan. Ɗalibi yakan fara da ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, ya hau Risala, in Allah ya yi masa nisan kwana a karatu ya kai Muhtasar. Shi zai ja baƙi, malam ya fassara gaɓa gaɓa, shi kuma yana cewa na'am a ƙarshen kowace gaɓa. Wannan na'am ɗin shaida ce cewa hankalinsa yana nan. Sauran ɗalibai suna zaune suna jiran layi, suna jin karatun na gaba da su da na baya da su, saboda haka mutum yakan ji littafi guda sau da dama kafin ya kai gare shi da bayan ya wuce shi. Ba a buɗe wani littafi sai an rufe wanda ake ciki.

Shugabannin jihadi na 1804 sun fahimci cewa yawancin jama'a ba za su iya wannan dogon zama ba, don haka suka zuba ilmi cikin waƙoƙi na Fulatanci da Hausa, waɗanda ma'auni da amsa-amo suke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe su. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke haddace waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka. Wannan gado ya zarce har ƙarni na 20, inda Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, ya tsara Imfiraji mai baitoci ɗaruruwa, almajirai da makafi suka haddace suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

Amma fa adalci ya wajaba a kan mai nazarin tarihi. Wannan natsuwa ba duka aka same ta da lallashi ba, dorina ma ta yi nata aikin. Kuma cikin ɗimbin yaran da suka fara babbaƙu, kaɗan ne suka kai hadda, da yawa noma ko fatauci ko aure ya janye su tun ba su sauke ba. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne al'umma ta girmama dogon haƙuri a kan karatu, ta yi masa matakai da sunaye, daga kolo zuwa gardi zuwa alaramma zuwa gwani, ta kuma yi wa mai sauka walima da zanen zayyana a allonsa. Shi ya sa ake cewa karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma.

Zuwan Boko da Ɗab'i

A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano, a 1922 kuma aka buɗe Kwalejin Katsina. Boko ya zo da abubuwa biyu da suka shafi hankali kai tsaye. Na farko shi ne agogo da ƙararrawa. A zaure littafi ne yake yanke tsawon zama, a aji kuwa da an kaɗa ƙararrawa sai a rufe Lissafi a buɗe Labarin Ƙasa, ko an gane ko ba a gane ba. Wannan ne karo na farko da aka yanyanka hankalin ɗalibi gunduwa gunduwa bisa umurnin agogo. Na biyu shi ne karatun zuci, watau mutum ya zauna shi kaɗai da littafi bakinsa a rufe, alhali karatun allo da ƙarfi ake yin sa cikin jama'a.

Da yake masu karatun boko suna bukatar abin karantawa, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, a ƙarshen shekarun 1930. Abin lura a littafi na farko shi ne ginshiƙinsa kansa maganar riƙe hankalin matashi ce: aku ne yake ta jero wa ɗan sarki Musa labarai dare bayan dare, domin ya hana shi fita daga fada ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana masa. Imam ya san labari igiya ce ta ɗaure mai sauraro, ya kuma nuna ana iya ɗaure mutum da ita domin a cece shi.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana edita. Kwafi guda yakan zagaya unguwa, wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara su yi sharhi. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu karatu a garuruwa da ƙauyuka, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 kuma ya ninka su. 'Ya'yan wannan shiri su ne suka zama marubuta da makarantan littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, irin su littattafan Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. An yi ta sukar waɗannan littattafai a lokacin, ana cewa suna ɗauke hankalin 'yan mata daga karatu da aikin gida. Duk da haka, yarinyar da ta kwana tana bin labari daga littafi na ɗaya zuwa na uku, dogon karatu take koya ba ta sani ba.

Rediyo, Kaset da Bidiyo

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Rediyo ta dace da Bahaushe ƙwarai, domin ta same shi da kunne horarre. Manomi da maɗinki da mai shayi duk suka zama masu bin labarin duniya, kuma tafsirin watan azumi da ake watsawa daga Kaduna ya tara dubban masu sauraro waɗanda ba su taɓa zama a zaure guda ba. Kaset ya biyo baya cikin shekarun 1970, ya sa direban mota yana iya jin Bakandamiyar Mamman Shata ko wa'azin malaminsa sau nawa ya ga dama. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne farkon finafinan Hausa na bidiyo.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sha suka a zamaninsa, an ce rediyo ta kashe hira, talabijin ta kashe tatsuniya, bidiyo ya kashe karatu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman game da tatsuniya, wadda ta rasa lokacinta na bayan tuwon dare. Amma dukkansu sun yi tarayya da allo da littafi a cikin siffofi guda uku. Suna da lokaci: labaran BBC da sa'arsu, wasan Samanja da ranarsa, wanda ya makara sai wani mako. Suna da wuri da jama'a: akwatin talabijin guda ne a gida, wani lokaci a unguwa, ana kallo babba yana gani. Suna kuma da ƙarshe: gefen kaset yakan ƙare bayan minti 30 ko 45, gidan talabijin yakan rufe da dare bayan taken ƙasa, kowa ya tashi ya kwanta.

Shigowar Wayar Hannu

Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na wannan shekara aka yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kamfanoni suka fara aiki, zuwa 2022 kuwa layukan da ke aiki sun haura miliyan 200. Da farko waya ta kira ce da gajeren saƙo. Sa'an nan ta zama rumbun waƙoƙi da finafinai da masu turawa suke zuba wa mutane a bakin kasuwa. A wajejen 2010 matasa suka rungumi 2go da Facebook, daga baya WhatsApp ya shiga kusan kowane gida, har aka zo kan TikTok, wanda ya fita daga ƙasar Sin zuwa sauran duniya a 2017 da bidiyoyin da asalinsu ba sa wuce daƙiƙa 15. Ganin kasuwar da ya yi, Instagram da YouTube su ma suka buɗe sassan gajerun bidiyo a 2020.

A nan ne aka rabu da duk abin da ya gabata, domin waya ta warware siffofin nan uku gaba ɗaya. Ba ta da lokaci, tana aiki da tsakar dare kamar yadda take yi da tsakar rana. Ba ta da wuri, tana aljihu a aji da masallaci da kan gado, kuma mai ita kaɗai yake ganin abin da ke ciki. Ba ta da ƙarshe, domin tun 2006 aka ƙirƙiro dabarar shafin da ba ya ƙarewa, wanda duk lokacin da yatsa ya ja shi sama sai wani abu sabo ya ɓullo daga ƙasa.

Wannan tsari da gangan aka yi shi, kuma dalilinsa ciniki ne. Yawancin waɗannan manhajoji ba sa karɓar kuɗi daga mai amfani da su, da talla suke samun riba, talla kuwa gwargwadon daɗewar ido a kan allo ake biyan kuɗinta. Saboda haka na'urar kamfani tana lura da abin da mutum ya tsaya a kansa da abin da ya wuce, ta riƙa miƙo masa irin wanda ya fi riƙe shi. Tun a shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka B. F. Skinner ya nuna, ta hanyar gwaji da tantabaru, cewa dabba ta fi nacewa a kan aiki idan ba ta san lokacin da lada zai faɗo ba, bisa ga idan yana zuwa a ƙayyade. Mai jan allon waya ma haka yake, bai san ko bidiyo na gaba shi ne mai daɗin ba, don haka sai ya ƙara ja. Herbert Simon, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya riga ya yi nuni tun 1971 cewa abin da labari yake ci shi ne hankalin mai karɓarsa, saboda haka duk inda labari ya yi yawa hankali ne zai yi tsada. Akun Imam ya riƙe Musa da labari domin amfanin Musa. Akun da ke aljihun matashin yau yana riƙe shi ne domin amfanin ubangidansa da ke wata ƙasa.

Abin da Bincike Ya Tabbatar

Wajibi ne a yi hattara a nan, domin kukan lalacewar hankalin yara ya girmi kowace na'ura. Kimanin shekara 2,400 da suka wuce Aflatun ya kawo, ta bakin malaminsa Suƙuratu, labarin wani sarkin Masar da ya ƙi yabon rubutu, yana ganin zai sa mutane su daina riƙe abu a ka. Malaman ƙasar Hausa ma sun daɗe suna fifita ilmin da ke ƙirji a kan wanda ke takarda. Har wa yau akwai alƙaluman bogi da suke yawo. Mafi shahara shi ne wanda ya fito a wani rahoton kamfanin Microsoft reshen Kanada a 2015, cewa natsuwar ɗan Adam ta faɗo daga daƙiƙa 12 zuwa 8, har ta gaza ta ɗan kifin ado. Da 'yan jaridar BBC suka bi sawun wannan adadi a 2017, ba su sami wani bincike da ya tsaya a kansa ba.

Aikin da ya fi ƙarfin hujja shi ne na Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya, wadda ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutane suke yi a kan abu guda a allon kwamfuta kafin su juya zuwa wani. A 2004 ta sami kimanin daƙiƙa 150, a 2012 ya koma 75, a awon da ya biyo baya kuma ya sauka zuwa 47. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, yawancin waɗanda aka auna manya ne a wuraren aikinsu, ke nan cutar ba ta yara kaɗai ba ce, uban da yake faɗa ma wayarsa tana hannunsa. Na biyu, abin da aka auna ɗabi'a ce, watau yadda mutane suka saba yi, ba iyakar abin da ƙwaƙwalwarsu za ta iya ba.

Ƙasar Hausa kanta tana da shaidar wannan bambanci. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, tana fitar da yara maza da mata masu ƙananan shekaru da suka haddace izu 60, waɗanda aka haifa waya tana gidajensu. Matasan da ake cewa ba sa iya zama su ne suke bin finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So mako bayan mako, suna riƙe da sunan kowa da abin da ya aikata tun kashi na farko, su ne kuma suke karanta dogayen ƙagaggun labarai a WhatsApp. Ashe ƙarfin yana nan. Abin da ya raunana shi ne juriya a kan abu mai ɗaci a farko, wanda zumarsa sai an yi nisa, irin nahawu da lissafi da fiƙihu da tarihi. Duk lokacin da ɗalibi ya bar shafi ya leƙa saƙo, sai ya sake kashe lokaci kafin ya kamo zaren inda ya tsaya, idan kuwa leƙen ya yawaita ba zai taɓa nutsawa inda gane abu yake ba.

Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari yana da yawa. Gadon rubuce-rubucen Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya, na Larabci da na ajami, ba ya karantuwa ga mai gaggawa, idan kuma aka wayi gari babu masu haƙurin zama da shi, zai zama kayan ajiya kurum. Jami'a ba za ta iya yaye likita ko alƙali ko injiniya na kirki ba sai da ɗalibin da zai iya bin hujja mai tsawo har ƙarshenta. Al'ummar da ta saba yanke hukunci daga guntun bidiyon da aka yanko daga tsakiyar wa'azi ko jawabi kuwa, mai neman tada fitina ba zai sha wahala da ita ba.

Waɗansu ƙasashe sun ɗauki matakin doka. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a kan waya a aji cikin rahotonta na 2023, Ostireliya kuma ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta a 2024, ta fara aiki da ita a Disamba 2025. Doka tana da amfaninta, amma darasin da tarihin ƙasar Hausa ya bayar ya fi kusa da hannu. Duk inda aka sami natsuwa a da, an same ta ne domin an yanka wa abu lokacinsa, an yi shi cikin jama'a a gaban babba, an kuma sa masa iyakar da ba a wucewa sai an biya. Waɗannan abubuwa ba su fi ƙarfin gida ko makaranta ba a yau: sa'a guda da dare da kowa zai ajiye waya, har da maigida, karatu da ƙarfi a aji daga littafi guda har a gama shi, hadda da maimaitawa, waɗanda masu ilmin zamani suka yi saurin rainawa, da kuma girmama wanda ya sauke littafi kamar yadda ake girmama wanda ya sauke allo. Waya ta zo ke nan, ba za ta koma ba, kuma alherinta ga fatauci da zumunci da neman ilmi ba ya musantuwa. Aikin da ya rage wa iyaye da malamai shi ne wanda kakanninsu suka yi, watau kiwon hankalin yaro tun yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a dace.